Babi na Shida: Ƙarar Inji da Amanar Kunne

A babin da ya gabata mun yi magana a kan ƙura, wadda ko ba komai ana ganinta da ido, a ji ta a maƙogwaro, a kuma share ta daga gira. Yanzu kuwa za mu juya ga wata illa da ta fi ta ɓuya, domin ba ta fid da jini, ba ta sa zazzaɓi, ba ta kwantar da mutum ko na yini guda, sai dai ta yi ta gutsurar jinsa kaɗan-kaɗan, shekara bisa shekara, har ranar da iyalinsa za su lura, tun shi bai lura ba, cewa ba ya amsawa sai an maimaita masa. Duk wanda ya taɓa ratsa wajen masu injuna a garin Sara ta ƙasar Gwaram ranar da kasuwa ke ci, inda injin niƙa ke ruri kusa da injin surfe, na casar shinkafa yana amsa musu daga can gefe, masu walda kuma suna yankan ƙarfe da janaretansu a kunne, ya san yadda mutum kan fito daga nan kunnensa a toshe kamar an cusa masa auduga. Mai wucewa kan warware kafin ya kai gida. Maganarmu a nan ta wanda ba ya wucewa ce, wato yaron da ke tsaye a bakin injin tun hantsi har a kira magariba.

Ba a ce ƙasar nan ba ta san ƙara ba kafin zuwan inji. Akwai tsawa, akwai harbin bindigar maharba, akwai maƙera da ke dukan jan ƙarfe a kan uwar maƙera, akwai kiɗan gangar noma, har ma a Birnin Kudu akwai duwatsun nan masu amo kamar kuge idan an ƙwanƙwasa su, waɗanda Bature Bernard Fagg ya bayyana wa duniya labarinsu a 1956, kusa da kogunan dutse masu zanen shanu na mutanen da. Amma duk waɗannan suna da wani hali guda da ya raba su da inji: suna tsayawa. Maƙeri yakan ajiye masaba ya jira ƙarfe ya sake yin ja, mai daka takan jingine taɓarya ta yi tankaɗe, makaɗi yakan gaji, kuma a cikin kowane ɗan shiru da ya ratsa tsakani kunne yana samun hutawa. Inji ba ya gajiya. Muddin da mai a tankinsa da hatsi a bakinsa, ƙararsa ɗaya ce daga fari har ƙarshe, kuma wannan dawwamar, fiye da tsananin kansa, ita ce sabon abin da Allah ya jarrabi kunnen mutanen wannan zamani da shi.

Don a fahimci yadda ɓarnar ke aukuwa, wajibi ne a san ɗan abin da ke cikin kunne. Bayan dodon kunne akwai wasu ƙananan ƙasusuwa guda uku da ke miƙa girgizar sauti zuwa wani sashe mai murɗe irin na katantanwa, cike da ruwa, a cikinsa kuma akwai waɗansu ƙwayoyin halitta masu ɗan gashi a kansu, kimanin 15,000 a kowane kunne, su ne ke mai da girgizar ta zama saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Da waɗannan aka haifi mutum, kuma da abin da ya rage daga cikinsu za a kai shi kabari, domin wadda ta mutu ba ta sake tsirowa, kuma har yau likitoci ba su da maganin da zai tashe ta. Misalinsu kamar ciyawar bakin rijiya ne: idan aka taka ta da safe takan kwanta, zuwa gobe ta miƙe, amma idan aka lizimci takawa kullum ba fashi, sai wurin ya zama fako. Toshewar kunnen nan da ɗan inji kan ji da dare, da kukan nan na “shuuu” da ke hana shi barci, su ne kwanciyar farko, kuma galibi sukan wuce kafin gari ya waye, shi ya sa yake cewa ba komai. Ranar da ya ce ya saba, ƙarar ta daina damunsa, to a ranar ne ya kamata a tsorata, domin abin da yake kira sabo sau da yawa farkon kurumta ne.

Wani abin da ke ƙara ɓoye cutar shi ne ba daga tsakiyar magana take fara ci ba. Siraran sautuka take fara ɗaukewa, waɗanda ke wajen girgiza 4,000 a daƙiƙa, inda haruffa irin su sa da sha da tsa da fa suke, alhali kauri da karin murya suna nan ana jin su. Saboda haka mutumin yana jin ana magana sarai, amma sai “sara” da “shara” da “tsara” su zame masa abu guda, musamman a cikin taro ko a kasuwa. Yakan ce mutanen yanzu ba sa buɗe baki su yi magana. Yakan ƙure rediyo har matarsa ta yi ƙorafi. Yakan koma sahun farko a masallaci, a yaba masa da himma, alhali karatun liman ne ya daina isa gare shi daga baya. Ka tsaya kusa da inji ka ga abin da idonka: tsohuwa ta miƙo ƙwarya ta ce, “Yaro, kada ka yi mini laushi da yawa, na tuwo ne,” shi kuwa, fuskarsa fari fat da gari, ya duƙo da kansa har kusa da bakinta yana kallon leɓɓanta, ya ce, “Na'am, Inna? Me kika ce?” Ta sake faɗa da ƙarfi, ya gyaɗa kai, su yi dariya su duka biyu, ba wanda ya ɗauki abin da ya faru a matsayin alamar ciwo.

Masana sun sa wa ƙarfin sauti ma'auni da ake kira desibal, kuma lissafinsa yana da wata dabara da ke ruɗin wanda bai sani ba. Hira ta yau da kullum tana wajen 60. Haddin da masana lafiyar ma'aikata suka fi yarda da shi shi ne 85 na tsawon sa'a 8 a yini. To, ƙarin 3 kacal a kan wannan lamba ninki biyu ne na ƙarfin sautin, don haka sai a raba lokacin gida biyu: a 88 sa'a 4, a 91 sa'a 2, a 94 sa'a guda, a 97 rabin sa'a, a 100 kuwa minti 15 ke nan rabon mutum na yini ɗungurungum. Wani bincike da aka buga a 2007 a kan masu niƙa a wata babbar kasuwa ta Ibadan ya sami ƙarar ƙananan injuna tsakanin 88 da 90, ta manya kuwa tsakanin 101 da 105, kuma injunan da ke can dangin waɗanda ke nan ne. Ke nan yaron da ya yi sa'a 8 a gindin inji mai ƙarar 100 ya kwashi rabon kwana 32 a yini guda, gobe kuma ya dawo. Wanda ba shi da na'urar awo yana da wata hujja mai sauƙi: idan kana tsaye da mutum tazarar miƙa hannu amma sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka, to wurin ya kai haddi ko ya wuce. Wayoyin zamani ma suna da manhajar da ke kintata awon, ko da yake ba a kafa hukunci da ita.

Wannan cuta tsohuwa ce a duniya, sunanta kawai ke sauyawa da sana'a. Likitan nan na ƙasar Italiya, Ramazzini, wanda ya fara wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'a a 1700, ya ambaci maƙeran tagulla na birnin Banis da ke kurumcewa saboda dukan ƙarfe. A 1886 wani likita a Gilasgo mai suna Thomas Barr ya auna jin masu ƙera tukwanen tururi na jiragen ruwa, ya iske da wuya a sami mai cikakken ji a cikinsu. Masaƙan Lankasha ta Ingila kuwa har sun ƙware da karanta leɓɓan juna, saboda a ɗakin saƙa murya ba ta da amfani. Da aka buɗe masaƙar Kaduna a Kakuri a 1957, wasu kuma suka biyo baya a can da Kano, a Bompai da Sharaɗa da Challawa, irin waɗannan ɗakunan saƙa aka kawo mana, da ƙararsu da komai, kuma samari daga ƙauyukan tsohon lardin Kano, wanda Birnin Kudu da Gwaram suke cikinsa kafin a ƙirƙiro jihar Jigawa a 1991, suna cikin waɗanda suka cika su. Yawancin masaƙun nan sun rufe tuni, ma'aikatansu sun watse zuwa garuruwansu, kowa da abin da ya rage masa na ji, aka jingina abin ga tsufa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 16 cikin 100 na kurumtar da ke naƙasa manya a duniya daga ƙarar wurin aiki take, kuma rahotonta na 2021 ya ce mutum miliyan 430 ne ke da raunin ji da ke bukatar kulawa.

Doka ba ta yi shiru ba, a takarda dai. Akwai Dokar Masana'antu ta 1987, wadda ta ɗora wa mai masana'anta kiyaye lafiyar ma'aikatansa, ta kuma tanadi sufetocin da za su riƙa zagayawa. Akwai ƙa'idojin taƙaita ƙara da hukumar kare muhalli ta NESREA ta fitar a 2009. Akwai kuma Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta ambaci raunin ji da sunansa cikin abubuwan da ake biya, ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun hukumar diyya ta NSITF. Sai dai duk waɗannan an yanka su ne daidai jikin kamfani mai ƙofa da maigadi da rajistar ma'aikata, alhali mafi yawan ƙarar da ke cin kunnuwa a kudancin Jigawa tana fitowa ne daga rumfar kwano mai inji ɗaya ko biyu, mai ita ɗan gari ne, yaransa kuwa ƙanensa ne ko ɗan maƙwabci ko almajirin da ke neman na sabulu, ana sallamarsu da yamma ba takarda ba shaida. Sufeto ba zai zo nan ba, kuma ko ya zo ba zai sami abin da zai rubuta ba. Saboda haka, a ganina, gyaran wannan al'amari a wuri kamar Sara yana hannun mai injin da ƙungiyar masu injuna da masu unguwanni da limamai, tun kafin ya zama na gwamnati.

Kuma ba baƙon abu ne muke ɗora musu ba. Fuƙaha'u sun kafa ƙa'ida cewa cuta abar gusarwa ce, kuma ba a halatta wa mutum ya ci riba da abin da ke cutar da waninsa ba. Alƙur'ani mai girma ya lissafa ji cikin ni'imomin da za a tambayi bawa a kansu, kuma sau da yawa yakan gabatar da ambatonsa a kan gani. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin ilimi a ƙasar nan ya karanta a zaure, an sa wa gushewar ji cikakkiyar diyya, daidai da ta rai. Ba ina cewa kowane mai inji diyya ta hau kansa ba, wannan mas'ala ce ta alƙalai. Ina nuna ƙimar abin da ake salwantarwa ne a kan kuɗin niƙan tiya. Har ma a kan injin niƙa kansa magabata sun yi hukunci. Wani magini na birnin Tunis, Ibn al-Rami, wanda ya rayu a ƙarni na takwas na Hijira, ya kawo a littafinsa na hukunce-hukuncen gini yadda ake gwada ko maniƙar da dabba ke juyawa tana cutar da bangon maƙwabci: a rataye takarda da zare huɗu daga rufin da ke kan bangon, a zuba mata busassun 'ya'yan tsiron kuzbara, a tashi maniƙar, idan 'ya'yan suka motsa, cuta ta tabbata, sai a kau da ita. Mutanen da suka yi wa bango irin wannan adalci, da an nuna musu cewa dodon kunnen yaro ma yana girgiza, da ba su yi jinkirin hukunci ba.

To, ina mafita? Da zarar an ta da wannan zance sai a ce a saya wa yara abin toshe kunne, kuma nan ne nake saɓa wa mutane da yawa, domin masana sun jera matakan gyara bisa tartibi, kuma abin toshe kunne shi ne na ƙarshe a cikinsu. Na farko shi ne a rage ƙarar daga inda take fitowa. Babban rabo na rurin da ake ji a rumfar niƙa na injin gas ne da ke jan bel, musamman idan salansarsa ta fashe ko an cire ta da sunan wai tana rage masa ƙarfi. Mai da salansa, da jan bututun hayaƙi a fitar da shi waje ta bayan rumfa, aikin mai walda ne na rabin yini. Saura kuma ƙarar sakaci ce: boris da ya cinye ba a sauya ba, noti da ya kwance, murfin kwano da ke kaɗawa, bel da ya saki yana marin iska, haƙoran inji da suka dakushe har niƙan da zai ɗauki minti biyar ya ɗauki goma. Kowanne daga cikinsu yana kuma shan mai yana rage kwanan injin, don haka mai inji da ya gyara su aljihunsa ya yi wa alheri kafin kunnen kowa. Injin da aka kafa a kan daɓen siminti mai nauyi, aka sa masa yankan tsohuwar taya a ƙarƙashin ƙafafu, ba ya watsa girgizarsa ga rumfa duka. Inda kuma aka sami wutar lantarki tsayayya ko ta hasken rana aka koma jan maniƙa da injin lantarki, an huta da rurin gas gaba ɗaya, ko da yake maniƙar kanta tana nan da tata ƙarar.

Mataki na biyu shi ne a shiga tsakanin ƙarar da mutum. Rumfar kwano ita ce mafi munin ɗakin da za a sa inji, domin kwano ba ya shan sauti, mai da shi yake yi, har ya ƙara da nasa. Bangon ƙasa mai kauri irin na iyayenmu, ko na bulo da aka cike, ya fi shi nesa ba kusa ba. Idan aka gina wa injin gas ɗan ɗakinsa daban, aka bar kafar da bel zai ratsa kawai, tare da tagogin shan iska ta ɓangaren da ba mutane, saboda zafi da gubar hayaƙi, to mai zuba hatsi ya rabu da rabin azabarsa. Nisa ma magani ne: a fili, duk lokacin da ka ninka tazararka da inji, ƙarar takan ragu da kimanin desibal 6. Saboda haka babu dalilin da zai sa mata da 'yan mata masu jiran niƙa, wasu da goyo a baya, su jeru a gindin inji. A yi musu benci a inuwa can waje, a riƙa kiran mai ƙwarya idan layi ya zo kanta. Haka kuma jera injuna huɗu a rumfa guda, ko da ya sauƙaƙa tsaro, yana tara wa kowa ƙarar dukansu.

Na uku shi ne rabon lokaci. Inda yara biyu ne, kada ɗaya ya dawwama a bakin inji ɗayan yana karɓar kuɗi. Su riƙa musanya, kuma wanda ya sauka ya fita waje sosai, ya ci abincinsa nesa. A kashe inji idan ba aiki maimakon a bar shi yana ruri a banza. Ƙananan yara kuwa ba wurinsu ba ne sam, domin wanda ya fara asarar ji yana ɗan shekara 12 yana iya kaiwa arba'in da kunnen tsoho, kuma karatunsa na allo da na boko duk ta kunne suke shiga.

Sai bayan duk wannan ake zuwa ga abin toshe kunne, ko na soso da ake murzawa a cusa, ko mai kama da kofi da ke rufe kunne duka. Yana da amfani ƙwarai idan an sa shi daidai, amma yana da sharuɗɗa masu wuya a ƙasa mai zafi: gumi yakan sa a cire shi, hannu mai gari yakan ƙazanta shi har ya jawo ciwon kunne, kuma wanda ya cire shi na sa'a guda a cikin takwas ya zubar da mafi yawan kariyar yinin. Audugar da wasu ke cusawa kuwa kusan ta kwantar da hankali ce kawai, abin da take tarewa kaɗan ne. Kuma sayensa nauyin maigida ne, kamar yadda sayen giris da bel nauyinsa ne. Na taɓa jin wani mai inji yana cewa, “Ai ni ma haka na taso, ga ni nan ban mutu ba,” yaronsa kuma ya amsa a hankali, “Haka ne, Maigida,” sai da ya sake faɗa da ƙarfi kafin maigidan ya ji.

Akwai abubuwan da ke haɗuwa da ƙara su tsananta ɓarnarta, kuma ya kamata ɗan inji ya san su. Wasu magunguna, kamar allurar jentamaisin da kwinin, suna iya taɓa jijiyar ji, don haka kada a karɓe su a kemis ba da umarnin likita ba, kuma a gaya wa likitan irin aikin da ake yi. Wanda ya taɓa yin sanƙarau ko ƙyanda mai tsanani ko kunnensa ya daɗe yana zubar da ruwa, wataƙila da ragowar ji yake tafiya, bai kamata a sa shi gaban inji ba. Ƙara mai dawwama kuma tana da alaƙa da hawan jini da rashin barci, tana kuma haɗiye ihun gargaɗi a lokacin da bel ya kama hannun riga.

Wanda kuwa abin ya riga ya taɓa, farkon abin yi shi ne gwajin ji, wanda ba ya ciwo kuma ba ya ɗaukar lokaci: a sa masa abin sauraro a ɗaki mai shiru, a riƙa aiko masa da sautuka yana nuna wanda ya ji, a zana sakamakon a takarda. Daga Sara ana iya farawa da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, daga nan a tura mutum sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999. Wani lokaci a tarar dattin kunne ne kawai ya toshe, a wanke, mutum ya koma gida da jinsa. Idan kuwa ƙwayoyin nan ne suka mutu, ɗiga man zafi ko ruwan ganye ba ya dawo da su, yana ma iya ƙona abin da ke lafiya. Abin da ya rage shi ne na'urar ƙara ji ga mai hali, da tsare sauran jin daga ƙarin ƙara. Ita kuma takardar gwajin a adana ta, a sake wani bayan shekara a gwada su, domin ga ma'aikacin kamfani mai rajista ita ce shaidar da hukumar diyya za ta fara nema, ga ɗan rumfa kuwa ita ce kaɗai abin da zai iya ajiyewa gaban maigidansa ko shugabannin ƙungiya idan ya nemi a sauya masa wurin tsayawa.